Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Kowane mai sana'a yana da kunyar da ya gada daga wanda ya koya masa aiki, kuma babbar kunyarsa ita ce a ga aikinsa tun bai ƙare ba. Tela ba ya son mai riga ya iske hannu ɗaya a ɗinke, ɗaya a yashe bisa tabarma. Maƙeri yakan tura abin da yake ƙira bayan zuga-zugi idan ya hangi mai kaya tafe. Ko ɗan lakkol yakan kife hannu bisa allonsa har sai ya gama lissafi, kada mushe ya ga inda ya goge. Wannan kunya tana da kyau a wurinta, domin ita ke sa mutum ya tsare mutuncin hannunsa. Amma akwai wata sana'a ta zamanin nan wadda kunyar ta ci wa dukiya mai yawan gaske, ita ce sana'ar masu rubuta lojisiyel, wato jerin umurnin da ake tsara wa ordinatar domin ta biya albashi, ko ta ajiye dosiye, ko ta aika kuɗi daga wannan gari zuwa wancan. Shekaru fiye da 20 kenan masu wannan sana'a suna ƙoƙarin yaye kansu daga ɓoyon aiki, ta wata hanya da suka raɗa wa suna ajil, kalmar da ke nufin sauƙin juyawa irin na ɗan kokowa mai laushin jiki. Labarin hukumar bincike ta Amurka, FBI, yana nuna abin da hanyar ke bayarwa, da kuma abin da take karɓa daga hannun wanda ya bi ta.

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san abin da ya raba lojisiyel da gini. Wanda ya ba magini aikin soro yana iya biyawa kowace yamma ya ga inda bango ya kai, ya ƙirga tubali, ya ce ƙofar nan ta yi ƙunci. Lojisiyel kuwa ba shi da bango. Rubutu ne, layi bisa layi har dubu ɗaruruwa, kuma wanda bai san yaren ba ko an buɗe masa ba abin da zai gani. Saboda haka mai kuɗi ba shi da madogara sai bakin ma'aikaci da takardun rahoto. Tun a shekarar 1968, masanan da ƙungiyar OTAN ta tara a garin Garmish na ƙasar Jamus suka koka cewa manyan ayyukan lojisiyel suna wuce wa'adinsu, suna cinye fiye da abin da aka ware masu, in sun iso kuma su zo da aibu. Maganin da aka runguma shi ne a kwaikwayi masu gina gada: a zauna a rubuta duk abin da ake bukata tun farko, a sa hannu, a zana tsari, a rubuta lojisiyel, a gwada shi, sannan a miƙa. Kowane mataki sai ya rufe ake buɗe na gaba, kamar ruwan da ke gangarowa daga dutse ba ya komawa sama. Wani injiniya mai suna Winston Royce ya zana wannan tsari a wata takarda ta 1970, kuma a cikin takardar nan ya yi gargaɗi cewa bin sa sau ɗaya tak yana da haɗari, domin gwaji yana zuwa a ƙarshe, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada. Mutane suka ɗauki zanen, suka bar gargaɗin a inda suka same shi.

A ƙarƙashin irin wannan tsari wata ƙarya ke tsirowa wadda ba wanda ya yi niyyar shuka ta. Shef ya tambayi mai rubutu inda aiki ya kwana, shi kuwa ya ce ya kusa, domin a zuciyarsa ya yi imani gobe zai warware abin da ya ɗaure masa kai. Shef ya kai wa darakta cewa aiki na tafiya daidai. Darakta ya rubuta wa na sama da shi cewa kome yana kan lokaci. Kowa ya ƙara ɗan gishiri kaɗan, wanda bai kai a kira shi maƙaryaci ba, har miyar da ta isa teburin babba ta zama ba ta shayuwa, shi kuwa ba zai ɗanɗana ba sai ranar biki. Idan ranar ta zo, shekara biyu ko uku sun wuce, kuɗi sun ƙare, waɗanda suka sa hannu a kundin farko an yi masu canjin wurin aiki.

A farkon ƙarnin nan FBI da takarda take aiki. Jami'in da ya yi bincike yakan rubuta rahoto, ya buga, ya sa hannu, a kai wa na sama da shi ya sa nasa, sannan a shigar da shi cikin wani tsohon lojisiyel da aka kafa a 1995, mai baƙin allo da koren rubutu, wanda neman abu a cikinsa yake da wuya har jami'ai da yawa suka guje shi. A watan Yuli na 2001 wani jami'i a birnin Finiks ya rubuta gargaɗi game da wasu mutane masu koyon tuƙin jirgin sama da yake zargi. A watan Agusta aka kama Zakariyya Musawi a jihar Minesota, shi ma a wurin koyon tuƙin jirgi. Labaran biyu ba su haɗu a hannun da ya kamata ba kafin 11 ga Satumba. Kwamitin da ya binciki harin ya bayyana a rahotonsa na 2004 cewa hukumar ba ta da hanyar sanin abin da ita kanta ta sani. Robert Mueller, wanda ya karɓi shugabancin hukumar sati ɗaya kafin harin, shi ya gaji nauyin gyara wannan ɓaraka.

Furojen farko an ba da shi ga kamfanin SAIC a watan Yuni na 2001, kuma bayan harin aka faɗaɗa shi, aka matso da wa'adinsa. An rubuta kundin bukatu mai shafi fiye da 800. An raba masu rubutu gida 8, kowane gida yana nasa ɓangare, da niyyar a haɗa su daga baya. Cikin shekara ɗaya hukumar ta aika da bukatar canji wajen 400, domin jami'ai suna ƙara fahimtar abin da suke so ne a lokacin da aiki ke tafiya, shi kuwa kundi an riga an rufe shi. An kuma shirya a kashe tsohon lojisiyel a kunna sabo a tashi ɗaya, ba tare da hanyar komawa ba. A watan Disamba na 2003 kamfanin ya miƙa aiki mai layi wajen 700,000, hukumar ta duba ta ƙi karɓa. A watan Afrilu na 2005 aka binne furojen, bayan an kashe dala miliyon 170, waɗanda fiye da miliyon 100 daga cikinsu sun tafi ba tare da sun bar abin amfani ba.

Darasin da aka ɗauka shi ne cewa an yi sakaci wurin tsari, don haka sai a ƙara tsari. A watan Maris na 2006 aka ba kamfanin Lockheed Martin sabon furoje mai suna Sentinel, wanda aka ƙiyasta jimillar kuɗinsa a kan dala miliyon 425, mataki 4, da alkawarin gamawa a watan Disamba na 2009. An ƙara masu sa ido, an ƙara rahotanni, an ƙara tarurruka. Kuɗin suka tashi zuwa miliyon 451. Zuwa watan Agusta na 2010 an kashe miliyon 405, mataki 2 kawai aka miƙa, jami'ai kuwa suna nan da takardunsu. Wata cibiya mai suna Mitre da aka nemi ta auna abin da ya rage ta ce in an ci gaba a haka sai an ƙara dala miliyon 351 da shekara 6. An yi gudun gara an faɗa gidan zago kenan.

Alhali kuwa duk tsawon lokacin nan akwai wata hanya a gefe. A 1986 wasu malaman jami'a biyu ƴan Japan, Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka, sun nazarci yadda kamfanoni irin su Honda da Canon da Fuji-Xerox ke fito da sabbin kaya da sauri, suka ga ƙananan ƙungiyoyi ne masu haɗa gwanaye iri-iri, suna tafiya tare kamar ƴan wasan rugubi, maimakon kowa ya gama nasa ya miƙa wa na gaba. Daga nan Jeff Sutherland ya ɗauki sunan Scrum, ya gwada tsarin a kamfanin Easel a 1993, kuma shi da Ken Schwaber suka gabatar da shi ga jama'ar sana'a a 1995. A 1996 Kent Beck ya karɓi aikin lojisiyel na biyan albashi a kamfanin motoci na Chrysler, inda ya sa mutane suna rubutu biyu-biyu a gaban na'ura ɗaya, suna rubuta gwaji kafin su rubuta abin da za a gwada. Daga 11 zuwa 13 ga Fabrairu na 2001, mutum 17 masu irin wannan ra'ayi suka haɗu a wani masauki mai suna Snowbird a duwatsun jihar Yuta, suka fito da gajeriyar sanarwa mai ginshiƙi 4 da ƙa'ida 12. Abin da ta ƙunsa a taƙaice shi ne: a fifita mutane da maganar da ke tsakaninsu a kan ƙa'idojin biro, a fifita abin da ke aiki a kan tulin takardu, a zauna da mai kaya maimakon jayayya kan yarjejeniya, a karɓi canji idan ya zo maimakon riƙon tsarin da ya tsufa. Wata 4 bayan wannan zama aka sa hannu a furojen farko na FBI, bisa tsohuwar hanya.

Waɗanda suka kawo sabuwar hanya cikin hukumar baƙi ne a gidan. Chad Fulgham, wanda aka ba ragamar na'urorin hukumar a ƙarshen 2008, daga bankin Lehman Brothers ya fito, tare da shi kuma akwai Jeff Johnson. A 2010 aka dakatar da aikin kamfanin, hukumar ta maido da furojen hannunta. Aka rage ma'aikatan haya daga wajen 220 zuwa wajen 40, aka tara su tare da jami'an hukumar a ƙarƙashin ƙasa, cikin ginin Hoover a Washinton. Suka yi alkawarin gamawa cikin shekara ɗaya da kimanin dala miliyon 20. Masu sa ido na ma'aikatar shari'a sun nuna shakkarsu a rubuce, kuma suna da hujja, domin wanda maciji ya sara sau biyu ko igiya ya gani sai ya ja da baya.

Ga yadda aikin ya gudana. Tulin bukatun da aka gada aka daddatsa shi gida 670, kowane gida gajeren bayani ne na abin da wani jami'i ke son yi, misali ya buɗe dosiye, ko ya aika rahoto a sa masa hannu. Masu rubutu da kansu suka auna nauyin kowane gida da maki, jimilla ta haura 3,000. Aka raba tafiyar zango 21, kowane zango sati 2, kamar yadda ayari ke yanka hamada daga rijiya zuwa rijiya. A farkon zango ƙungiya ta ɗauki abin da take ganin za ta iya, tun daga mafi muhimmanci. A ƙarshen zango, ranar Juma'a, a kira masu kaya a kunna na'ura a gabansu. Abin da ya yi aiki kuma ya ci gwaji shi ake ƙirgawa. Abin da ya kusa ƙarewa makinsa sifiri ne, ya koma jeri. Bayan zango uku ko huɗu, kowa yana iya raba makin da suka rage da makin da ake ci a kowane zango, ya san ranar isowa da lissafin da ɗan firamare zai iya yi.

Tsarin Scrum yana da wasu al'adu ban da waɗannan. Ƙungiya ba ta wuce mutum 10, zango ba ya wuce wata ɗaya. Kowace rana ana taron minti 15, da yawa ma a tsaye suke yin sa don kada ya yi tsawo. Akwai wakilin mai kaya, wanda shi kaɗai ke da ikon cewa wannan ya riga wancan. Akwai mai share hanya, wanda aikinsa kawar da abin da ke tare ƙungiya, ba ba da umurni ba. A ƙarshen zango kuma akwai zaman waiwaye, inda ƙungiya ke duba yadda ta yi aiki ta zaɓi abin da za ta gyara. Duk wannan ana iya koyon sa cikin kwana biyu. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne abin da tsarin ke nema daga zuciyar mutum.

Mai rubutu, musamman wanda ya yi suna a gwaninta, ana neman ya tsaya da safe gaban ƙannen bayansa ya ce jiya ya wuni kan abu ɗaya bai warware ba, yana bukatar taimako. A da yana da wata shida na ɓoyo, wanda a cikinsu zai iya ɓata sati uku ya rama da aikin dare ba wanda ya sani. Yanzu mayafin ya zama na kwana ɗaya. Ana kuma neman ya bar wani ya taɓa rubutunsa, ya gyara, ya goge. Wanda ya saba zama shi kaɗai ya san sirrin wani ɓangare, har ba a iya sallamarsa ko a ba shi hutu, zai ji kamar an ƙwace masa gona. Gaskiya ne an ƙwace masa wani abu. Abin da aka ba shi a madadi shi ne ya kwana ba tare da nauyin asirin da zai tonu wata rana ba, kuma ba kowa ke ganin cinikin ya yi riba ba.

Shef kuwa asararsa ta fi fitowa fili. Girmansa a da yana cikin rabon aiki: kai yi wannan, ke yi wancan, a kawo mini ranar kaza. Sabuwar hanya ta bar masa ikon faɗin inda za a, ta karɓe ikon faɗin kayan da raƙumi zai ɗauka a zango ɗaya, ta ba masu ɗauka. Ta kuma ɗora masa abin da ya fi wuya, wato ya ji mummunan labari duk sati biyu bai hukunta wanda ya kawo shi ba. A nan ne hanyar ke rayuwa ko ta mutu. Ranar farko da wani ya ce abu bai yi aiki ba, idan shef ya ɗaure fuska ya nemi mai laifi, ƙungiyar duka ta koyi darasi, kuma daga ranar taron safe ya zama wasan kwaikwayo, kowa ya zo da maganar da ba za ta jawo masa tsiya ba. Kunya ta koma mazauninta, sai dai yanzu tana sanye da sabuwar riga.

Mai kaya ma bai tsira ba. A tsohuwar hanya yakan sa hannu a kundi ya tafi harkarsa, in abu ya lalace ya ɗauko yarjejeniya ya nuna shafi. Yanzu ana neman ya zo duk ƙarshen zango, ya taɓa abin da hannunsa, ya ce wannan ya yi, wannan bai yi ba. Ana neman ya jera bukatunsa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a karɓar cewa duka na farko ne. Wanda ya ba tela yadi ya ƙi zuwa gwaji, ba shi da bakin magana ranar salla. A manyan ma'aikatu wannan ya fi kome wuya, domin wanda ke da ikon yanke magana ba shi da lokaci, wanda ke da lokaci kuma ba shi da iko.

Akwai kuma sharaɗin hannu, wanda masu gaggawa ke tsallakewa. Ba a iya canja lojisiyel duk sati biyu sai in akwai gwaje-gwajen da na'ura ke yi da kanta, waɗanda ke ihu nan take idan gyaran yau ya karya aikin jiya, kuma sai in ana haɗa rubutun kowa da na kowa kullum. Ward Cunningham, ɗaya daga mutum 17 na Snowbird, ya kwatanta aikin da aka yi da gaggawa aka bar gyaransa da bashi, tun a 1992. Ana iya cin bashi a wuce wata matsala, amma yana haihuwa, kuma ƙungiyar da ba ta biya ba wata rana duk ƙarfinta zai tafi wurin biyan ruwa.

A FBI alkawarin shekara ɗaya bai cika ba. A watan Oktoba na 2011 aka sa ma'aikata fiye da 700 su gwada Sentinel a lokaci guda, ya faɗi sau biyu, domin tsofaffin na'urorin da aka ɗora shi a kai ba su iya ɗaukar nauyin ba. Aka sayi sababbi, aka ɗaga wa'adi. Ranar wanka ce, kuma an ga cibi, amma an gan shi a ranar gwaji, lokacin da tsohon tsari ke nan yana aiki, ba a ranar da dubban jami'ai suka dogara da sabon ba. Ranar 1 ga Yuli na 2012 aka buɗe Sentinel ga hukumar baki ɗaya. Fulgham ya bar aiki ƴan watanni kafin ranar. Hukumar ta ce jimillar kuɗi ta tsaya a dala miliyon 441, ƙasa da abin da aka ware. Masu sa ido na ma'aikatar shari'a suka amsa cewa lissafin ya bar wasu kuɗi a waje, kuma an sauke wasu bukatun farko a hanya. A rahotonsu na 2014 sun samu yawancin ma'aikata sun gamsu, amma ana kuka da ɓangaren neman bayani, wanda shi ne ciwon asali. Haka kuma ƙungiyar ƙarƙashin ƙasa ba daga fili ta fara ba, ta gaji wani abu daga shekarun baya. Duk da haka, abin da ya gagara cikin shekara 9 ya tashi cikin ƙasa da shekara 2.

Sutherland ya buɗe littafinsa na 2014 da wannan labari, kuma irin waɗannan labarai suka sa sunan ajil ya zama haja. Kamfanoni suka yi ta sayen horo da takardun shaida, aka liƙa ƴan takardu masu launi a bango, aka sauya wa shef suna ya zama mai share hanya, yana nan yana ba da umurni kamar jiya. An canja wa tuwo suna kenan. A Ingila, ma'aikatar aiki da fansho ta ce da wannan hanya za ta gina tsarin tallafin jama'a mai suna Universal Credit. A watan Satumba na 2013 hukumar binciken kuɗin gwamnati ta bayyana cewa an yi asarar fam miliyon 34 na aikin na'ura, cewa an fara ba tare da cikakkiyar fahimtar yadda tsarin zai gudana ba, kuma cewa masu furojen sun killace kansu, labari mai daɗi kawai ke hawa sama. Sunan sabo ne, ɓoyon kuwa na da ne. Ko furojen Chrysler, inda Beck ya yi gwajinsa, an dakatar da shi a shekarar 2000 kafin ya kai ga biyan dukan ma'aikatan da aka nufa.

Mafi muni shi ne inda aka mai da kayan auna tafiya suka zama bulala. Maki an ƙirƙire su ne domin ƙungiya ta san ƙarfinta. Da zarar darakta ya fara kwatanta makin wannan ƙungiya da na waccan, ko ya ce zango mai zuwa a ƙara, sai masu rubutu su kumbura awo, abin da ya kai maki uku jiya ya zama biyar yau, lissafi ya yi kyau, aiki yana inda yake. Zango bayan zango ba hutu, taron safe ya zama kiran suna. Abin ya kai Ron Jeffries, wanda ya sa hannu a sanarwar Snowbird, ya rubuta a 2018 yana shawartar masu rubutu su rabu da ajil irin wanda ake ɗora masu daga sama, su riƙe ainihin aikin. A shekarar nan kuma wani kwamitin ba da shawara na ma'aikatar tsaron Amurka ya fitar da ɗan littafin gane ajil na jabu, domin ƴan kwangila duka sun koyi kalmomin.

Gane na jabu ba ya bukatar digiri. Duk mai riƙe da kuɗin jama'a ko na kamfani, wanda aka zo masa da furojen lojisiyel da alkawarin sabuwar hanya, yana iya barin kalmomin a gefe ya yi tambaya uku. Yaushe ne ƙarshen lokacin da wani mai amfani na gaske, magatakarda ko mai karɓar kuɗi ko malamin asibiti, ya taɓa abin da hannunsa? Me aka canja saboda abin da ya faɗa? Wane mummunan labari ne ya hau sama a watan nan, kuma me ya sami wanda ya kawo shi? Idan amsar ta farko ita ce sai an gama, to tsohon ruwa ne ke gangarowa daga dutse, ko da an yanka shi sati biyu-biyu. Idan amsar ta uku ita ce ba wani mummunan labari, ya kamata mai kuɗi ya tashi daga kujerarsa ya je ɗakin masu rubutu da ƙafarsa, ya ce a kunna na'ura yanzu, ya zauna ya gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi, kuma kuskuren sati biyu ɗanye ne, ana gyara shi da aikin sati biyu. Kuskuren shekara huɗu kuwa FBI ta san farashinsa, ta biya sau biyu kafin ta yarda a riƙa kunna mata na'ura ranar Juma'a.